Igiyar Gajere

Mutanen garinmu ba su iya haƙa rijiya ba, ba su iya tufka igiya ba, amma wajen yanke wa mutum hukunci babu wanda ya kamo ƙafarsu. Na zauna cikinsu tun ba a san famfo ba, tun jirgin ƙasa bai iso ba, ina gugar kaya a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, kuma ban taɓa ganin ranar da suka kama bakinsu don ba su san gaskiyar magana ba.

A gidan yayana nake zaune, Allah ya jiƙansa. Ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu, Gajere da ƙanwarsa Auta. Matar tasa, wadda nake kira Yaya, wanki take yi wa mutane, ni kuma in goge. Mace ce mai tsabtar da ta wuce hankali. In baƙo ya zauna a tabarmarta, bai kai ƙofa ba ta kaɗe wurin. Har tsintsiya sai ta wanke. Mun yi zaman shekaru muna cizon juna da ido, amma wankinta ba shi da na biyu, wannan kam ban hana ta ba.

Gajere haƙa rijiya yake yi. Ɗan dunƙule ne mai faɗin ƙirji, kullum yana dawowa gida kamar an tono shi daga ƙasa, uwar tana bin bayansa da ruwa tana mita. Wata safiya aka zura shi cikin rijiyar bayan kasuwa zai yashe ta. Bai kai rabi ba igiya ta tsinke. Da aka fito da shi, babu sauran magana, rai ya yi halinsa.

Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne igiyar ba tsohuwa ba ce. Fara ce tas, babu alamar wuƙa, babu cin ɓera, ka rantse jiya aka tufka ta. Wanda ya tufka ta kuwa maƙwabcinmu ne, Mai Igiya, wanda wurin aikinsa wani dogon lungu ne da tagar ɗakin gugata ke kallo. Aka kai shi gaban alƙali, gari ya cika maƙil, har masu talla suka biyo taron. Aka miƙa masa guntun da ya tsinke. Ya warware bakin da yatsa, ya duba cikinsa, ya kai hanci ya shinshina. Sai ya ɗago ya dubi inda muke zaune, ya sunkuyar da kai.

"Kai ka tufka ta?" in ji alƙali.

"Ni na tufka."

"To me ya tsinka ta?"

"Ba ni da abin cewa, ranka ya daɗe."

Alƙalin ma yunwa yake ji, bai ƙara tambaya ba. Aka kai Mai Igiya kurkuku, gari ya watse da murna, kowa na cewa dama shi ya daɗe da lura da cewa mutumin nan yana ha'inci a zare. Masu wannan maganar kuwa, da igiyarsa suka ɗebo ruwan da suka sha a safiyar.

Da ya fito, yara suka sa masa suna Ta-Tsinke. Manya suka tsawata musu da baki, suka ɗauki sunan suka ci gaba da amfani da shi. Babu mai haƙa rijiyar da ya sake taka lungunsa. Ya koma yin igiyar ɗaure akuya da ta shanya, ita ma sai an waiga hagu da dama kafin a saya. Ni ma na tsane shi, kada a ce na fi kowa. In na hango shi ta taga, nakan tofa yawu a kan dutsen guga ya yi cuu, in ce wannan naka ne.

Auta kuwa ta girma da abin a ƙirji. Yarinya ce mai kyau daidai gwargwado, mai taurin kai fiye da gwargwado. Samari suka yi ta zarya, ta kore su ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ga laifinta ba, don duk cikinsu babu wanda za ka aika kasuwa ya dawo da abin da ka ce. Ba ta da zance sai na yayanta.

Shekarar da aka fara gina gadar jirgin ƙasa a bakin kogi, wani injiniya baƙo ya zo neman igiya mai kauri wadda za ta ɗaga ƙarafan gada. Da yake baƙo ne, kuma ba ya zama a majalisar gulma, sai ya zaga kasuwa ya duba aikin kowa da idonsa, ya zaɓi Mai Igiya. Aka yi sharaɗi za a gwada igiyar a bakin kogi, a rataya mata buhunan yashi a gaban jama'a. Matsalar ita ce irin wannan igiya mutum ɗaya ba ya tufka ta. Dole a sami mai juya wilin katako a bakin lungu, kuma duk garin babu wanda ya yarda ya taɓa masa wili.

Ranar nan Auta ta shigo ɗakin guga, uwar tana ninke zannuwa, ta rufe ƙofa.

"Inna, Gwaggo, zan je in juya masa wili."

Yaya ta saki zanin da ke hannunta. "Kin haukace ne?"

"Ki tsaya ki ji. Zan zauna da shi har in gano abin da ke kashe igiya ba a gani. Ranar gwaji, a gaban injiniya da duk gari, sai ta tsinke masa. Daga nan ko kare ba zai bari ya ɗaure shi da igiyarsa ba. Sai ya bar garin nan da ƙafarsa."

Sai ga hawaye a idon Yaya. Ta dafa kan 'yarta ta sa mata albarka, irin albarkar da ban ji ta sa wa kowa ba tun rasuwar Gajere. Ni ban zuga ba, ban hana ba. Na dai ƙara gawayi a dutsen guga, na gyara zama kusa da taga.

Washegari na ga ta tsaya a bakin lungu. Mai Igiya ya daɗe yana kallonta.

"Ƙanwar Gajere, me ya kawo ki?"

"Aiki. An ce kana neman mai juya wili."

"Kin san wurin wa kika zo?"

"Na sani sarai."

Ya nuna mata mariƙin wilin.

Ga yadda aikin yake, ga wanda bai taɓa gani ba. Mai tufka yana ɗaura damin zaren rama a ƙugu, ya maƙala bakin zaren a ƙugiyar wili, sai ya riƙa tafiya da baya yana sakin zaren ta tsakanin yatsunsa, mai wili yana juyawa zaren yana murɗewa. Ba ya waiwaye. Idonsa na kan mai wili tun daga bakin lungu har ƙarshensa, don da kai yake ba da umarni, a ƙara sauri ko a rage. Ita ma ba ta da damar ɗauke ido daga kansa. Wato wuni guda, namiji da mace suna kallon juna ido cikin ido, da sunan aiki. Da Auta ta tambaye ni, da na gaya mata ba a ɗaukar fansa a irin wannan sana'a.

Kwanakin farko fuskarta a murtuke, tana juya wili kamar wuyansa take murɗewa. Shi kuma bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ba wani kyakkyawa ba ne, dogo ne siriri, tafin hannunsa ya yi kanta, ga furfurar da kurkuku ta ba shi kafin lokaci. Abin da ya fara damun ta, kuma ta faɗa mini da kanta, shi ne mutumin ba ya ha'inci. In ya ji ƙulli ƙanƙani a zare, sai ya tsaya ya warware aikin rabin yini. Igiyar akuya ma sai ya ɗaura a reshe ya rataya da nauyinsa kafin ya sayar.

"Munafunci ne, Gwaggo," ta ce. "Don ina kallo yake yi."

"To," na ce, "ni dai tun kafin ki iya ɗaura zani nake ganinsa yana lilo a reshen nan."

Ta harare ni ta fita.

Sannu a hankali na fara ganin abin da ba na so. Ya naɗe mata mariƙin wili da tsumma don hannunta ya yi kumburi. Ya kafa mata 'yar rumfa don rana. Wata rana ya yi tuntuɓe da baya ya zauna daɓas a ƙasa, sai na ji dariya ta kufce mata, dariyar da aka binne tare da Gajere. Ta yi maza ta haɗiye, amma na riga na ji. Ta fara wanke fuska kafin ta fita aiki, ta fara tambayata ko wannan ɗankwali ya goge da kyau. In ta dawo gida kuma sai ta zauna gaban uwarta ta zage shi tas, zagin da ya yi yawa har ya daina kama da gaskiya. Soyayya dai wauta ce, na gan ta a mutane da yawa, ban taɓa ganin ta ƙara wa kowa hankali ba.

Duk da haka ba ta saki aniyarta ba, ko kuwa kunya ta hana ta saki. Igiyar gada ta kusa kammaluwa, kauri kamar damtsen ƙato, an naɗe ta a rumfa. Ran nan Auta ta zo da ƙwaryar ruwan toka daga wurin wankin uwarta, za ta wanke tsumman mariƙi. Ta ajiye kusa da igiyar. Mutumin da bai taɓa tsawa ba sai ga shi ya taho a guje.

"Ɗauke! Ɗauke wannan daga nan!"

"Ruwan wanki ne fa kawai."

"Ruwan toka ba ya shigowa lungun nan. Yana shiga cikin igiya ya cinye zaren. In kuma aka rufe ta da danshi, ta ruɓe daga ciki, waje kuwa fari fat kamar sabuwa. Ba mai ganewa sai ranar da aka ɗora mata rai."

Yana faɗa sai ya zabura, kamar wanda ya taka wuta. Ya juya ya koma bakin aikinsa. Auta ta ɗauki ƙwaryarta, ta sami abin da ta zo nema.

Da la'asar ta shigo tsakar gida, Yaya tana durƙushe gaban kwatarniya, ni ina bakin ƙofa ina fifita gawayi. Fuskar yarinyar ba ta nuna murna ba, amma ta daure.

"Inna, ki tace mini ruwan toka mai ƙarfi, cikin tulu."

"Na mene ne?"

"Igiya zan jiƙa."

Ba ta kai ga yin bayani ba, Yaya ta ɗago tana murmushi, irin na mai tuna abu mai daɗi.

"Ai in wankin igiya ne, ni za ki tambaya. Ta yayanki ni nake wanke masa. Ya dawo da ita duk taɓo, ƙazanta kamar me, ya jefar a zaure. In ya fita sai in tsoma ta a ruwan toka ta kwana, in murje ta, in naɗe in sa a tukunya in rufe saboda ɓeraye. Bai ma san ina yi ba, Allah sarki, cewa yake taɓon ne ke kakkaɓewa. Ni ɗana ba zai shiga gari da igiya mai dauɗa ba, a ce uwarsa mai wanki ce."

Ta mayar da kai ta ci gaba da cuɗa rigar wani.

Mafici ya tsaya a hannuna. Na dubi Auta, ta dube ni. Ta buɗe baki, na girgiza mata kai. Ta juya ta fita ba tulu, ni kuma na koma ɗaki na manne da taga.

Mai Igiya yana tattara zare ta same shi.

"Ka sani," ta ce.

Bai yi kamar bai gane ba. Ya ajiye damin.

"Tun a gaban alƙali. Na ji warin toka a cikin zaren."

"Ka sani ka yi shiru? Ka bari aka ɗaure ka? Ka bari yara suna bin ka da waƙa, ni ina tsine maka safe da yamma?"

"Na ɗago zan faɗa, sai na ga uwarki a zaune. Ba kuka take ba, kallon hannuwanta kawai take. Na ce matar nan ta riga ta rasa ɗa. In na gaya mata da hannun nan nata ne, me ya rage mata? Ni kurkuku zan je in dawo. Ita ina za ta je ta dawo?"

"Wa ya roƙe ka? Uwarka ce?"

"Ba wanda ya roƙe ni."

"Gobe zan tsaya a tsakiyar kasuwa in faɗa. Sai sun san ba kai ba ne."

"Su wa?" ya ce. "Waɗannan? Ki ba su uwarki su tauna don su daina tauna ni? In kin faɗa, zaman da na yi ya tashi a banza ke nan. Ki bar mini abina."

Ta ce, "Ka san abin da ya kawo ni lungun nan?"

"Na sani tun ranar farko. Na ce ko ba komai zan sami mai juya wili."

Ta durƙushe a wurin ta fashe da kuka. Shi kuma sakaran ya tsaya a kanta da manyan hannuwansa, ya rasa inda zai sa su. Ban taɓa ganin wauta irin ta mutumin nan ba, ya ɗauki rayuwarsa ya ba matar da ko gaisuwarsa ba ta amsawa. Na so in raina shi kamar yadda na saba, abin ya ƙi.

Ranar gwaji gari ya kwashe zuwa bakin kogi. Ba gada suka je gani ba, tsinkewa suka je gani. Yaya ta sa zaninta mafi kyau, ta kama hannuna, ta kutsa har sahun gaba, don a saninta 'yarta ta gama aiki. Aka rataya buhunan yashi, igiya ta miƙe ta yi ƙara. Aka ƙara. Yaya ta matse mini hannu har na ji zafi. Injiniya ya sa aka ƙara fiye da sharaɗi, igiya ko gezau. Sai ga mutanenmu suna tafi, har da mai cewa shi dama bai taɓa yarda da hukuncin alƙalin nan ba. Amma a hanyar komawa na ji su da kunnena suna cewa ashe ya iya, da gangan ke nan ya yi wa Gajere ta banza. Haka suke, ko ta ina ka faɗi sai sun sami wurin taka ka.

Yaya ta ja hannuna muka wuce gida. Auta na shigowa ta tare ta a tsakar gida.

"Kin yi abin da kika je yi ko ba ki yi ba?"

"Ban yi ba, Inna."

Marin da ta kai mata har tsuntsaye suka tashi daga kan katanga.

"Na sa miki albarka! Na ɗauki jinin ɗana na damƙa miki! Me ya hana ki? Faɗa mini dalili ɗaya. Me kika gani a wurin wanda ya kashe yayanki? Ki faɗa, ina jin ki!"

Ina tsaye a ƙofar ɗakin guga. Na ga maganar ta taso wa Auta har maƙogwaro. Kalma kaɗan ce, da ta faɗa ta wanke kanta, ta wanke shi, gobe ta shiga kasuwa da kai a sama. Ta dubi uwarta, ta dubi hannuwan nan da ruwan toka ya tsattsage, waɗanda suka ciyar da mu duka. Ta haɗiye.

"Son shi nake, Inna. Shi ke nan dalilin."

Ba ƙarya ta yi ba, kuma duk abin da za ta iya faɗa babu wanda ya fi wannan yi mata tsada. Yaya ta ja da baya kamar ta ga ƙazanta.

"Fita. 'Ya'ya biyu na haifa, mutumin nan ya cinye duka biyun."

Auta ta fita da kayan jikinta. Ba a daɗe ba suka yi aure, babu wanda ya je daga gidanmu sai ni, kuma na sha zagi a kai. Gari ya sami sabon abin taunawa: yarinyar da ta sayar da jinin yayanta saboda namiji. Matan da ba su kai su wanke mata ƙafa ba suna ganinta a rijiya sai su janye tulunansu. Ta haifi 'ya'ya a lungun nan, ƙarƙashin tagata, kakarsu ba ta taɓa ɗaukar ko ɗaya ba. In Auta ta gaishe ta a hanya, sai ta kau da kai ta gyara mayafi.

Yaya ta yi tsawon rai. Ta ci abincinta, ta yi barcinta, ta yi wankinta har ƙarfi ya ƙare, da zuciyar wadda aka zalunta ba ta zalunci kowa ba. Da tsufa ya kwantar da ita, ni nake jinyarta. Wani lokaci muryar yaran takan shigo ta taga, sai ta kasa kunne tana saurare, hawaye na bin gefen fuskarta. Sai ta kamo hannuna.

"Ke da kike ganin komai, gaya mini tsakaninki da Allah. Me na yi wa 'ya'yan nan na rasa su?"

Ni da ban taɓa raga wa kowa da bakina ba, sai in gyara mata matashi.

"Ba ki yi komai ba, Yaya. Kwanta."